Jarida a Waya da Kuɗi, Ta Takarda, ko Ta Kyauta: Wacce Ta Dace da Kai?

Kawuna ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati a Kaduna, kuma duk tsawon zaman nan da jarida yake karya kumallo. Da ya ajiye aiki ya koma gida, wani gari a kudancin jihar Katsina, sai jarida ta zama kayan gabas. Mai kawo ta mutum ɗaya ne a kan babur, shi ma sai ya tara masu so sannan ya je tasha ya ɗauko. Wata rana ta iso bayan azahar, wata rana ta jiya za a miƙo maka, wata rana kuma shiru kake ji. Da na kai masa ziyara a farkon 2021 na same shi a zaure da tarin tsofaffin bugu a gefen tabarma, yana maimaita na makon da ya wuce. Na ce, "Kawu, ai yanzu ana sayen jarida a waya, da sassafe take shigowa." Ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Jarida ko labaran waya? Don in labaran waya ne, yaran gidan nan ma suna karanta mini."

Tambayar nan ta Kawu ita ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya zaro katin banki, domin abubuwa uku ake sayarwa da suna ɗaya, kuma mutane da yawa sai sun biya suke gane ba abin da suke nufi suka saya ba. Akwai bugun jarida sak, wato shafukan da aka kai wa injin bugawa da daddare su ne za a turo maka cikin manhaja, daga na farko har na baya, da hotuna da tallace-tallace da komai, kana juyawa da yatsa. Manyan jaridun Najeriya irin su Daily Trust da Punch da BusinessDay suna da wannan. Akwai kuma biyan kuɗi don a buɗe maka labaran da jarida ta kulle a shafinta na intanet. Nan babu shafi na ɗaya babu na biyu, labarai ne ke zuba dare da rana. Sai manhajar da ta tara jaridu da mujallun kamfanoni barkatai a rumfa guda, ka biya kuɗin wata ka karanta wadda ranka ya so, kamar PressReader da Magzter. A ɗaya gefen ga tsohuwar zuma, jaridar takarda, ga kuma tulin labaran kyauta na Facebook da WhatsApp da shafukan jaridun kansu.

In abin da kake nema shi ne ka ji abu da ɗuminsa, riƙe kuɗinka. Bugun jarida na yau labarin jiya ne, a takarda yake ko a waya, tun dare aka rufe shi. Rediyo zai riga shi, wayarka ma za ta riga shi, kuma kusan kowane gidan rediyo da talabijin yana karanta kanun jaridu da safe ba tare da ka ba da sisi ba.

To me mutum yake saye ke nan? Aikin edita yake saye, da kuma sassan jarida da ba sa fitowa a shafin kyauta. Aikin edita sai an saba ake ganinsa. Cikin ɗaruruwan abubuwan da suka faru jiya, wasu mutane sun zauna sun yi ta ja-in-ja har suka yanke cewa wannan ne zai hau goshin jarida da manyan baƙaƙe, wancan a kai shi shafi na shida, wancan kuma a bar shi sai an tabbatar. Kana iya ƙin hukuncinsu, amma ka san akwai wanda ya yanke shi, da sunansa da ofishinsa, in ya yi ƙazafi a maka shi a kotu. A Facebook na'ura ce ke zaɓar maka, ita kuwa abin da zai riƙe idonka take bi, gaskiya ne ko ƙanzon kurege. Sannan bugu yana da ƙarshe. Ka kai shafin baya ka gama, ka tashi ka kama harkar gabanka. Ni wannan ya fi komai yi mini rana, domin jan waya sama ba ya ƙarewa, sai dai lokacinka ya ƙare.

Sassan da ba sa fita kyauta kuwa, a kansu ne wasu ke cin abinci. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce manyan kwangiloli sai an tallata su a jaridun ƙasa aƙalla biyu, don haka ɗan kwangilar da bai ga bugun ranar ba yana iya wayar gari an rufe karɓar takardu. Lauya yana neman sanarwar kotu da ta gwanjo da ta filaye. Mai hannun jari yana neman sanarwar taron shekara da lissafin ribar kamfani. Mai neman aiki yana duba tallar gurabe. Ga shafukan canjin suna, ga na ta'aziyya, ga na taya murna waɗanda matasa ke tsallakewa amma dattawa ke tsayawa a kansu. Na sha ganin Kawu ya ɗora yatsa a kan irin wannan shafi ya ce, "Ka ga wannan? Bara shafi sukutum ya saya yana taya gwamna murna, bana ko layi ɗaya bai sa ba. Akwai magana." Wannan karatu ba ya yiwuwa sai da cikakken bugu. Saboda haka in irin waɗannan shafuka ne buƙatarka, zaɓinka ya tsaya tsakanin takarda da bugun sak na manhaja. Biyan kuɗin buɗe labaran shafin intanet kaɗai ba zai kai ka gare su ba, sai in an haɗa maka da bugun a cikin kuɗin. Tambayi wannan tun kafin ka biya.

Yanzu ga inda takarda ta fi ƙarfi, kuma masu tallar manhaja ba sa faɗa. An tsara shafin jarida ne don hannu biyu su buɗe shi, ita kuwa fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba. Ranar da na sa wa Kawu manhajar na miƙa masa, shafin farko ya cika fuskar wayar, kanun labari kaɗai ke karantuwa, sauran kamar tururuwa ta bi ta kan takarda. Na nuna masa yadda zai sa yatsa biyu ya buɗa. Ya buɗa, rubutu ya yi girma, sai rabin layi ya ɓace a dama. Ya ja dama, na hagu ya tafi. Da ƙyar ya kai ƙasan sahun, sai ga ɗan rubutu cewa ci gaban yana shafi na biyar. Ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce, "Ɗan nan, wannan ai leƙen jarida ne ta kafar ƙofa." Abin da ya cece mu shi ne na gano cewa in ka taɓa kan labari, manhajar tana zare shi daga shafin ta shimfiɗa shi shi kaɗai, daga farko har ƙarshe, da girman baƙaƙen da ka zaɓa. Daga nan ya riƙa amfani da hoton shafin don ya ga tsarin jarida da tallace-tallace, in zai karanta labari kuma ya taɓa ya buɗe.

Ba kowace manhaja ke da wannan ba. Wasu hoton shafi ne kawai irin na PDF aka jera, sai dai ka yi ta buɗawa da ja har wuya ta ƙage. Ni a wurina wannan shi ne ma'auni na farko: in babu hanyar zare labari daga shafi, kuma waya kaɗai gare ka, ba za ka jure wata biyu ba, kuɗin zai tafi a banza. Mai kwamfuta ko babbar waya irin mai faɗin allo shi wannan bai dame shi sosai ba. Ga mai raunin gani kuma abin juyawa yake yi, manhaja mai kyau ta fi takarda sauƙi, tunda baƙaƙen takarda ba sa ƙara girma, na waya kuwa suna yi, wasu manhajojin ma suna karanta maka da murya.

Sai maganar sabis da caji da data. Bugun sak yana da nauyi saboda hotuna da tallace-tallace masu launi, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, duk mai lissafi yana lura da abin da ke cin datarsa. Manhaja mai kyau tana bari ka sauke bugun gaba ɗaya sau ɗaya, a inda sabis yake da ƙarfi, ka kashe data ka karanta a natse ko a cikin mota ko a gona. Wadda ba ta da kyau kuwa, duk shafin da ka juya sai ta nemi intanet, in ka koma baya ta sake ɗaukowa. Gwada wannan a ranar farko: sauke bugun, kashe data, ka ga ko zai buɗu. Ka kuma duba ko tana goge tsofaffin bugu da kanta, don in ba haka ba cikin 'yan makonni wayar za ta fara kukan ta cika.

Akwai kuma ranar da babu sabis ɗungurungum. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya shafi ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da Kaduna, har da garin Kawu. Kuɗin wata mun biya, jarida tana fitowa kullum, amma ba hanyar da za ta iso. Mai babur ɗin nan da muka fara mantawa da shi, shi ya koma abin nema. Haka a Oktoban 2024 da layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta kwana da kwanaki a duhu, kowa na tattalin ɗan cajin da ya saya a shago don kiran waya. Ba wanda zai ƙona shi a karatun sharhin edita. Takarda ba ta neman caji. Wanda yake zaune inda irin wannan ke yawan faruwa, kada ya yanke hulɗa da mai jaridarsa.

Ta fuskar kuɗi, manhaja ce ke da rinjaye in mutum mai saye ne kullum. Jaridar takarda tana ta ƙara tsada ne don takardar da ake buga ta daga waje ake shigo da ita. Masana'antar Oku Iboku da ke jihar Akwa Ibom, wadda aka gina don wannan, ta daɗe da daina aiki. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya har ta haura 1,500 a 2024, sai takarda da tawada da man motar rarrabawa duk suka tashi lokaci guda. Bugun waya ba ya ɗauke da waɗannan, ba kason dillali, ba kwantan da za a mayar. Lissafin mai sauƙi ne: ɗauki abin da mai jarida ke karɓa a hannunka yau, ka ninka da ranakun da kake saye da gaske a wata, ka ƙara kuɗin abin hawa in sai ka je nema. A ɗaya gefen ka sa kuɗin watan manhaja da na data. Mai saye kwana ashirin ko talatin zai ga rata mai faɗi. Mai saye sau ɗaya ko biyu a mako, don shafin wani marubuci ko bugun ƙarshen mako, zai ga ratar ta tsuke ko ma ta juya, kuma shi zama a kan takardarsa ya fi masa.

Wannan duk in da naira ake biya. Da zarar farashi ya koma dala, magana ta canja. PressReader, kamfanin ƙasar Kanada da ya fara a 1999, yana da jaridu da mujallu sama da 7,000 daga ƙasashe fiye da ɗari, kuma cikakken kuɗin watansa yana wajen dala 30. A canjin naira 1,500 naira 45,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na 2024 yake naira 70,000. Jin adadi irin 7,000 yana ruɗin mutum, amma ido biyu gare ka da awa ɗaya da safe. Na san mutanen da wannan rumfa ta yi wa daidai: malamin jami'a mai bin yadda jaridun Masar da Ingila da Indiya suka ɗauki labari guda, ɗan jarida mai shirya sharhin ƙasashen waje, ɗan kasuwar da ke hulɗa da Dubai ko Sin. Ga sauran mutane, sayen kasuwa ne gaba ɗaya alhali tumatir ɗin miya ake nema. Kuma kafin ka biya ka rubuta sunan jaridar da kake so a wurin bincike ka ga ko tana ciki, ko kuma bugunta na yau ne ke nan, domin jaridu suna shiga irin wannan rumfa suna fita gwargwadon yarjejeniya. Wani abin da ba kowa ya sani ba, ɗakunan karatu da otal-otal da kamfanonin jiragen sama da yawa suna biyan PressReader don baƙinsu su karanta kyauta. Ɗalibi ya fara tambayar ɗakin karatun makarantarsa. Magzter ya fi karkata ga mujallu, musamman na Indiya da Amurka. Apple News+ kuwa, da aka buɗe a 2019, a Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya yake aiki, mai iPhone a Kano ko Maraɗi ya cire shi daga lissafi.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da ɗan sauƙi a nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, abin da ka biya bara da yuro shi za ka biya bana in kamfanin bai ƙara ba. Mai naira kuwa yana iya kwana da farashi ɗaya ya tashi da wani. Ga kuma wahalar katin: daga 2022 bankunan Najeriya da yawa suka rage abin da katin naira zai biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Shi ya sa nake fifita jaridar da za ka biya ta da naira a shafinta, da kati ko tiransfa, sannan ka shiga manhajar da imel ɗinka da kalmar sirri. Akwai wani dalilin ma: in ka biya ta cikin rumbun manhajojin waya, Google yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, Apple kuma har kashi 30 a shekarar farko. Biya kai tsaye yana sa kuɗin ya isa gidan jaridar da ƙarancin yanka, wani lokaci kai ma ya zo maka da rahusa.

Manyan jaridun waje masu sayar da nasu su kaɗai, kamar New York Times da ta fara kulle labaranta a 2011 har masu biyanta suka haura miliyan 10, sukan jawo mutum da farashi mai araha na watannin farko, in wa'adin ya cika ya koma cikakke. Karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan tallar. Haka gwajin kyauta na mako guda: sai ka sa katinka tukuna, in kwanakin suka cika ba ka soke ba a fara cira. Ni ma ya taɓa cin kuɗina shekarun baya a wata manhajar mujallu. Na gwada, ba ta yi mini ba, na goge ta daga wayar na ɗauka shi ke nan. Sai da alat ya shigo mini wata biyu a jere na gane goge manhaja ba ya tsayar da biya; dole sai ka shiga inda ka yi rajistar, ko a Play Store ko a shafin kamfanin, ka soke da hannunka. Tun daga nan duk wanda zan sa wa, wata ɗaya muke fara saye, in ya ga ya buɗe ta kwana ashirin cikin talatin sannan mu yi maganar na shekara, wanda yakan fi sauƙi.

Ga wanda Hausa kaɗai yake karantawa, gaskiyar magana ita ce manhajojin kuɗi ba su tanadar masa abin kirki ba tukuna. Abin yana da ciwo in aka tuna cewa Bahaushe ya san sayen jarida tun Janairun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, sunanta ma da farashinta a ciki. Bayanta an yi Albishir da Alfijir mai ajami daga kamfanin Triumph na Kano, ga Al-Mizan, ga Aminiya ta kamfanin Media Trust, ga ta gidan Leadership. A yau mafi yawan rubutun labarai na Hausa a buɗe yake kyauta: BBC Hausa da DW da RFI da TRT Afrika da Premium Times Hausa da shafukan jaridun Hausar kansu. Manyan rumfunan dala cike suke da Turanci da Faransanci da Larabci, kuma fassarar na'ura, inda ma akwai ta, takan kawar da ma'ana a daidai inda ake buƙatarta, a maganar shari'a da ta kuɗi da zancen 'yan siyasa mai harshen damo. Don haka mai Hausa zalla kada ya kai kuɗinsa can. Amma in jaridar Hausa da yake so tana sayar da bugunta, ta takarda ko ta waya, ina roƙonsa ya saya. Edita ba zai ƙara shafi ko ya ɗauki sabon wakili a Gusau ko Damagaram ba sai ya ga masu karatun Hausa suna biya.

Wani bambanci da ba a ganewa sai buƙata ta taso: takarda mallakarka ce, manhaja haya ce. A yawancinsu ranar da ka daina biya ƙofa ta rufu, har da bugun da ka riga ka karanta. Ƙanwata ta taɓa samun saɓanin suna tsakanin takardar makarantarta da ta banki, ta yi rantsuwa a kotu ta buga canjin suna a jarida. Muka ga sanarwar ta fito a manhajata, muka ɗauki hoton shafin muka buga a shagon kwamfuta, ta kai ofishin da ake nema. Jami'in ya juya takardar ya ce, "Malama, ainihin jaridar muke so, wannan kowa ma yana iya haɗawa." Sai da muka yi kwana biyu muna bin masu jarida kafin muka samu wanda bai mayar da kwantan ranar ba. Duk abin da zai zama hujja, canjin suna ne, sanarwar fili ce, ko ta'aziyyar mahaifi da kake so jikoki su gani, sayi na takarda a ranar, biyu ma in da hali. Masu bincike har yau suna zuwa Gidan Arewa a Kaduna suna buɗe jaridun shekara sittin da suka wuce, kuma aikin da Archivi.ng ke yi na ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Najeriya ya yiwu ne don wani ya adana takardar. Inda manhaja ta rama shi ne nema: a mai kyau kana rubuta kalma ɗaya ta fito maka da duk bugun da ta bayyana a watannin baya, abin da a takarda zai ci maka yini cikin ƙura.

Takarda kuma ta jama'a ce. Guda ɗaya sai ta zaga majalisa, mutum goma su karanta, a yi muhawara a kanta, gobe mai ƙosai ta samu abin naɗi. Ko a gaban teburin mai jarida za ka ga masu karatun kyauta a tsaye suna tafka siyasa. Manhaja ta mutum ɗaya ce, ana ƙayyade yawan wayoyin da za su shiga da rajista guda, kuma ba kowa ke son miƙa wayarsa hannu zuwa hannu ba. Amma ga Bahaushen da ke Jidda ko Kumasi ko Landan, wannan gardama ba ta taso ba; babu mai babur da zai kai masa jaridar gida, manhaja ce kaɗai za ta ba shi ita a safiyar da ta fito.

Saura hanya ɗaya da na san da yawa suna bi, wato PDF ɗin jaridu da ake watsawa a zaurukan WhatsApp da Telegram kowace safiya. Ba na goyon bayanta. Wani ne ya biya sau ɗaya ya raba wa dubbai, alhali wakilin da ya hau babur ya shiga ƙauyen da aka kai hari, ya dawo ya rubuta, daga kuɗin sayarwa da talla ake biyansa. Muna kukan 'yan jarida suna karɓar na goro a hannun 'yan siyasa, to jaridar da masu karatunta ba sa biya, wa zai riƙe ta in ba mai mulki da mai kuɗi ba? Haƙƙi ne, kuma akwai haɗari ga kai kanka: shafin farko da ya bi hannu goma ana iya canja masa kan labari a kwamfuta, an sha yin haka a lokutan zaɓe, kai kuwa ba ka da hanyar tantancewa. Wanda ba shi da halin biya ya karanta shafin jaridar na kyauta, su suka buɗe shi da kansu, kuma tallar da ke ciki tana kai musu wani abu.

In mutum ya zo mini yau yana da jarida ɗaya da ya amince da ita, yana karanta Turanci, yana so ya gan ta cikakkiya da safe, kuma inda yake ba ta isa da wuri, ce masa nake ya sayi bugun sak na wannan jaridar kaɗai, da naira, na wata ɗaya, bayan ya tabbatar ana zare labari daga shafi kuma ana karantawa ba data. Wannan shi ya dace da mafi yawan masu tambayata: ma'aikata, malaman makaranta, 'yan kwangila, dattawan da suka koma gida.

Shi Kawu, da sabis ya dawo garinsu a ƙarshen shekarar nan ta 2021, raba ƙafa ya yi. 'Yarsa ta saya masa babbar waya mai faɗin allo, a kanta yake karanta bugun Litinin zuwa Juma'a bayan ya dawo daga masallaci, kafin a kawo koko. Ranar Asabar kuma mai babur yana kawo masa ta takarda, ita yake fita da ita majalisa bayan la'asar, in ta gama zagayawa ya karɓo abarsa ya yanke abin da zai yanke da reza ya sa a tsohon fayil ɗinsa na ofis. Duk ƙarshen wata kuma sai wayata ta yi ƙara, bayan gaisuwa da tambayar yara ya ce, "Ɗan nan, wata ya kusa, ka duba mini jaridar nan kada ta yanke."